An Sa wa Ruwan Nan Magani

Shekarar da ruwan kududdufinmu ya washe, babu wanda ya kai ni murna. Tun ina yaro na san shi kore shar, kamar miyar kukar da ta kwana, in ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka. Rami ne da aka bari lokacin haƙar kanal, aka kwashi ƙasarsa aka yi bakin hanya, ya faɗo cikin gonar mahaifina a tsakanin Kura da Bunkure. Ruwan da ya yi rara daga fangalai yana gangarowa ta wata 'yar magudana ya taru a ciki, don haka ko a tsakiyar rani ba ya ƙafewa. Kifin cikinsa ba mu muka zuba ba, ba mu kuma taɓa ba shi abinci ba. Shi yake haihuwarsa, mu namu kamu ne sau ɗaya a shekara.

A ranin nan sai koren ya tafi. Ina tsaye a baki ina hango ƙasan ramin, har wani tsohon takalmin roba na gani da ya ɓace mini tun ina saurayi. Ni malamin firamare ne, shekara da shekaru ina koya wa yara cewa ruwa mai kyau ba shi da launi ba shi da wari, saboda haka na riƙa jawo mutane su zo su gani. Na ce tsabtata ce ta jawo, don a shekarar da ta gabata na sare darbejiya uku da suke zubar da ganye a ciki, suna kuma tare wa tumatirina rana.

Akwai wani tsohon masunci da yake zuwa mana a keke daga wajen Bunkure duk shekara, shi yake yi mana su. Ranar da ya zo ya shiga da tarunsa ya ja sau uku. Abin da ya fito bai cika bokiti ba: tarwaɗa 'yan kaɗan, manyan kawuna da jiki kamar bulala, sai karfasa tsofaffi. Ƙananan kifin nan da kan cika raga suna tsalle har matata ta gaji da gyara, ko ɗaya babu. Tsohon ya ɗebi ruwan a tafin hannu, ya shinshina, ya ɗaga shi sama ya duba, sannan ya watsar.

Ya ce, "Malam, an sa wa ruwan nan magani."

Na ce, "Baba, magani?"

Ya ce, "Magani mana." Ya naɗe tarunsa ya ɗaure a bayan keke, ya ƙi karɓar rabonsa, ya tafi.

Ni dai mutum ne mai saurin zargi, wannan ko matata ta shaida, ta ce in kaza ta yi tari sai na tambayi wanda ya aiko ta. Da na ji "an sa", abin da ya fara zuwa mini shi ne wane ne ya sa. Da na ji "magani" kuwa, raina bai je ko'ina ba sai wajen irin maganin da ake binnewa ko a barbaɗa don a karya mutum. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin in kai gida na riga na gama shari'a a cikin kaina, saura in nemo shaidu.

Gonar da take saman kududdufin, rabin eka, tana hannun wani mutumin Filato, Kirista. Ya zo ƙasarmu yana matashi yana aikin tumatir, mahaifina ya yaba da hankalinsa ya ba shi aron wurin, ba takarda ba shaida, aka yi shekara fiye da ashirin a haka. Baba nake ce masa. Duk Kirsimeti sai ya kawo wa mahaifina kaji ya yanka masa don mu ma mu iya ci, mu kuma da Babbar Sallah cinya guda tasa ce. Da mahaifina ya rasu, kwana uku yana zaune a ƙofar gidanmu ana karɓar gaisuwa da shi. Na san duk wannan, kuma duk da haka shi na fara kallo.

Shaiduna sun zo da sauƙi, don mai nema ba ya rasawa. A bara ya roƙe ni ya sa injin ban ruwa a kududdufin na hana, na ce zai tsotse wa kifi ruwa. To, ga dalili. Sannan a shekarar da tsutsa ta afka wa tumatir, muna feshi kusan kullum kamar mahaukata, ya taɓa samuna a bakin magudana ina ɗauraye famfon feshi ya ce, "Ɗana, da ka daina wanke abin nan a nan." Na ce masa, "To, Baba," amma a raina na ce ɗan aro ya fara kafa wa mai gona doka. Na uku, da na aika masa da tarwaɗa biyu daga kamun nan, sai ya mayar ya ce mu bar shi a bana. Me ya sani game da kifin da ni ban sani ba?

Na huɗun shi ne ya gama da ni. Wata safiya na fito da wuri zan tare ruwa, sai na hango shi a tsugunne a bakin magudanar, daidai inda take zuba cikin kududdufin, yana danna wani abu da ƙafa. Na laɓe a bayan masara har ya tafi. Da na je na tarar da buhuna huɗu a jere sun tare bakin ruwan. Na jawo su da ƙyar na farke da lauje, ina jiran in ga laya ko ƙaho. Yashi ne a ciki da gawayi dakakke. Gawayi! Na tsorata, don duk wanda ya tashi a ƙauye ya ji labarin abin da ake yi da gawayi da baƙin zare. Na watsar da su can gefe, na buɗe magudanar ruwa ya ci gaba da wucewa, ban ce masa komai ba. Na riƙa gaishe shi kamar kullum, amma na daina zama a inuwarsa.

Ana cikin haka sai ga shi wata Asabar tare da baƙuwa. Mace ce mai matsakaicin shekaru, da mayafi da dogon takalmin roba, malama ce a wata jami'a a Kano. Ya ce 'yarsa da take karatu a can ita ta yi mata maganar kududdufin. Ta zo da wata raga mai kama da rariyar tankaɗe an ɗaura mata kwalba a gindi, da wata na'ura kamar ƙaramar rediyo, in ta kanga ta a jikin ƙasa ko buhun taki sai ta riƙa yin ƙas, ƙas.

Kafin la'asar magana ta cika majalisar ƙofar masallaci. Samari suka ce radiyeshan take aunawa, wai wani tururi mai cutarwa da ido ba ya gani, kuma eriyar wayar nan da aka kafa a bakin titi ita take kashe kifi, har da sa kaji ƙin ƙyanƙyasa. Wani dattijo ya ce ƙarya ne, ma'adinai take nema, in ta samu gwamnati za ta karɓe gonakin. Wannan ta biyun ita ta zauna mini. Na ce biri ya yi kama da mutum: Baba ya lalata ruwan, ya kawo wadda za ta rubuta cewa wurin guba ne, a raba ni da shi.

Ban kore ta ba, don ba a korar baƙuwa a gaban jama'a. Ta ja ragarta a ruwan, ta cika kwalabe, ta ɗebi laka. Sai ta juyo ta ce, "Malam, kuna wanke wani abu a nan? Kaya, ko buhu, ko famfo?"

Na dube ta ido cikin ido na ce, "Hajiya, ba ma wanke komai."

Baba yana tsaye a gefe. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa, ni kuwa na ɗauki sunkuyawar nan a matsayin ta marar gaskiya.

A makon nan na je wajen mai unguwa na ce ina son gonar mahaifina. Ya yi ta jan maganar, ya ce amanar mamaci ce, ya tambaye ni laifin mutumin. Na ce ba laifi, iyali ne suka yi yawa. Ƙarya ta biyu ke nan. Aka kira Baba, ya zo ya cire hularsa ya zauna a bakin tabarma, aka faɗa masa. 

Ya ce, "Ɗana, na yi wani abu ne?"

Na ce, "Baba, ai ka fi ni sani."

Bai sake tambaya ba. Ya roƙi a bar shi ya cire albasarsa, na ce na yarda, har ina jin kaina mai adalci. Da ya cire ya kwashe bukkarsa da tiyonsa, ya kai wa mahaifiyata kwandon albasa ya yi mata sallama. Ta kira ni ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka," ta juya mini baya. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska ba.

Sai bayan kusan wata biyu malamar ta dawo, ita kaɗai. Ta tambayi Baba, na ce ya tashi. Ta kafa wani madubi mai ƙara girman abu a kan kujera a ƙarƙashin rumfata, ta ɗiga ruwa a kan gilashi ta ce in leƙa. Na ce daga ina ruwan yake, don har lokacin ina jin ko wata dabara ce. Ta ce daga wani kududdufi ne can bayan gari inda ba a noma kusa da shi.

Na leƙa, na ja da baya na ce subhanallahi. Ɗigo ɗaya, amma cikinsa kamar kasuwar Bunkure ranar ci. Wasu ƙwayoyi kore suna jujjuyawa, wasu a jere kamar duwatsun wuya, ga wasu halittu masu ƙafafu suna zabura, har ina ganin koren da suka haɗiya a cikin cikinsu. Ta goge gilashin ta ɗiga na kududdufina. Na leƙa na daɗe ina nema. Can na ga guda ɗaya a gefe, tana motsi da ƙyar.

Ta ce, "Malam, koren nan da kake gani a ruwa shi ne tuwon gidan. Waɗannan masu zaburar su suke cinsa, 'ya'yan kifi su ci su, manya su ci 'ya'yan, zalɓe da kai ku ci manyan. In na ƙasan nan suka tafi, uwar kifi za ta yi ƙwai ya ƙyanƙyashe, amma 'ya'yan ba za su kwana nawa ba. Ruwanka yunwa ce ta washe shi."

Na ce, "To eriyar ce? Mutane sun ce radiyeshan."

Ta yi murmushi ta ce ba ta ga abin da zai sa ta zargi eriya ba. Ta ce abin da na'urarta take ji yana nan a ƙasa da duwatsu tun fil azal, ana samun kaɗan a wasu takin zamani ma, kuma abin da ta ji a wurina bai tayar mata da hankali ba. Sai ta nuna sama. Ta ce a cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, yana ƙona irin waɗannan halittu, inuwa da duhun ruwa su suke kare su.

Ta ce, "Lafiyayye yana jure rana. Wanda ya sha guba kaɗan ma yana iya tashi in yana cikin inuwa. Amma ka haɗa masa biyun, ka ga an yi taron dangi. Maganin ciyawa ya kashe koren, maganin ƙwari ya raunana masu cinsa, ruwa ya washe, rana ta samu hanya har ƙasa. Nawa ne laifin wannan nawa ne na wancan, ni ma ban gama sani ba, kada in yi maka ƙarya. Amma na samu alamar maganin feshi a lakarka, ta fi yawa a bakin magudana. Waɗancan kututturan, wa ya sare bishiyoyin?"

Na ce ni ne.

Ta dube ni. Ban san lokacin da na ce, "Famfon ma ni ne" ba.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Tana haɗa kayanta ta ce ai tsohon ya yi iya ƙoƙarinsa. Ranar farko da ta zo ya gaya mata yana jera buhunan yashi da gawayi a bakin magudana, irin yadda suke tace ruwan sha a garinsu, ko za su rage abin da yake shiga, amma wani ya zo ya farke su. Ta tambaye shi wanda yake wanke famfo a wurin, ya ce shi baƙo ne, ba zai kama sunan kowa ba. Nasa famfon kuwa ya nuna mata ramin da ya haƙa can nesa da ruwa inda yake ɗauraye shi.

Duk da haka zuciyata ba ta saki ba, sai da ta nemi mafaka ta ƙarshe. Na ce ai masunci ya faɗa, kuma masunci ya san ruwa. Ranar kasuwa na neme shi na same shi yana gyaran raga a gindin wata rumfa. Na tsugunna na ce, "Baba, maganin nan da ka ce an sa wa ruwana, wa kake zargi?"

Ya ce, "Zargi kuma? Maganin feshi mana, Malam. Wanda kai da ni da kowa yake goyawa a baya. Duk kududdufan da suke bakin tumatir haka suka koma. Kai wane magani ka ɗauka?"

Na ce ba komai. Kalma ɗaya ce muke kiran abin da likita yake bayarwa da ita, da abin da boka yake ƙullawa, da abin da muke fesa wa tsutsa. Na yi shekaru ina koyar da Hausa a aji, amma a cikin ukun na zaɓi wadda ta dace da abin da yake raina. Kunya ta kama ni a tsakiyar kasuwa har na manta abin da matata ta aike ni.

Sai da na yi kwana huɗu ina tambaya kafin in gano inda yake. A Kura ne, a wani injin casar shinkafa, yana cikin masu shanya. Na same shi da hantsi yana jan shinkafa da majanyi, katakon nan mai doguwar ƙota, a kan siminti, ya ɗaura tsumma a ka, ƙafafunsa sun yi fari da ƙaiƙayi. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana noma nasa. Da ya gan ni ya ajiye majanyin ya ce, "A'a, ɗana, kai ne? Yaya Inna?" Ya jawo mini buhu na zauna.

Na faɗa masa komai, ban rage ba, har laɓewar da na yi a bayan masara da abin da na yi tsammanin zan gani a cikin buhunan. Da na zo kan gawayin ya yi 'yar dariya ya girgiza kai. Na ce ya yafe mini, ya dawo gonarsa, in yana so a rubuta a gaban mai unguwa.

Ya ce, "Na yafe tun ranar. Mahaifinka ya yi mini abin da ba zan riƙe ɗansa a zuciya ba. Amma gona kam a'a. Matata ta riga ta tafi gida Filato da kayan, ni ma in an gama aikin nan zan bi ta. Ƙarfina ya ƙare, ba zan iya sake farawa ba."

Na yi ta roƙo, yana ta cewa ba komai. Mai injin ya leƙo ya ce rana tana yi, a juya shinkafa. Baba ya miƙe ya ɗauki majanyinsa, sai ya tsaya kamar ya tuna wani abu.

Ya ce, "Abu ɗaya nake so ka gaya mini, don in san yadda zan tuna zamana a garinku. Tunanin nan da ka yi a kaina, a bana ya zo maka, ko dama yana nan tun da, yana jiran dalili?"

Na buɗe baki zan ce wallahi a bana ne. Sai na tuna a ranar da masunci ya yi maganar akwai gonaki shida da ruwansu yake bi ta magudanar nan, biyar na 'yan garinmu ne da muke sahu ɗaya a masallaci, kuma ko sau ɗaya ban kawo ɗayansu a raina ba. Na riga na yi ƙarya biyu a kan mutumin nan, na kasa ta uku.

Ya jira ni kaɗan. Da ya ga ba zan ce komai ba ya gyaɗa kai ya ce, "To. Ka gaida Inna." Ya koma cikin rana ya ci gaba da jan shinkafarsa.